Basbusa, Dakuwa da Ɗakin Bayan Kicin

Da na yi niyyar tsallake wannan babin, Ummi ce ta hana. Ranar sunan ƙaninta a Kaduna, gida cike da mata, ta zo ta haye cinyata da hannunta duk maiƙon waina, ta dube ni tsakiyar ido.

"Hajiya, wai da gaske ne kin ajiye mamanmu a ɗakin 'yar aiki?"

Na ce wa ya gaya mata. Ta nuna min da leɓe wajen da gwaggonninku suke zaune a tabarma suna ɓare goro. Na bar zancen a ranar, don taron suna ba wajen tone-tone ba ne. Amma maganar da ta yi shekara da shekaru tana yawo a dangi har ta shiga kunnen jika, ai ta isa a zauna a warware ta. To ku saurara, ku 'ya'yana da naku 'ya'yan, ku ji yadda aka yi daga bakin wadda aka yi a gabanta. Kuma kada ku yi dariya idan na ce muku da ɓeraye biyu labarin ya fara.

A lokacin muna zaune a Madinat Khalifa, a Doha, hawa na biyu na wani gidan haya. Babanku yana aikin injiniya a ɓangaren gas, kullum da sassafe ya nufi ofishinsu a West Bay. Ku mazan kuna makarantar kwana a gida Najeriya, saboda haka daga ni sai shi sai autata Nana, tana da shekara goma sha ɗaya. Nana a Doha ta yi wayo, ta saba da ɗakinta ita kaɗai, gadonta ita kaɗai, har da wata takarda da ta manna a ƙofa wai a ƙwanƙwasa kafin a shiga. A cikin ɗakin nan akwai keji, a cikin kejin akwai wata aba da ake kira hamsta. Ni dai ko yau aka tambaye ni, ɓera ne aka guntule masa wutsiya aka ba shi gashi mai kyau. A garinmu tarko ake ɗana wa irinsa, a nan kuwa har da kwalbar ruwa da wata taya da take shiga tana gudu ba ta zuwa ko'ina. Nana ta raɗa mata suna Basbusa, sunan wani kayan zaƙi na Larabawa. Na yi faɗa na gaji, na ƙyale. Daga baya ma ni ce ke yanka mata karas idan Nana tana makaranta, amma ban taɓa bari an gani ba.

A shekarar Allah ya yi wa Baffanku Sani rasuwa, ƙanin babanku, hatsarin mota a hanyar Funtuwa. Matarsa ta riga shi da daɗewa. Ya bar 'ya ɗaya, Hauwa, sa'ar Nana. Ni na fara cewa a kawo mana ita, wannan ku rubuta ku ajiye. Gidan Inna, kakarku, cike yake da bakunan ci, ita Innar kanta idonta ya fara mutuwa, makarantar garin kuma iyakarta firamare. Takardun riƙo da na zama suka ci watanni, har na fara fid da rai, sai ga su sun fito. Inna da kanta ta rako yarinyar, da nufin a duba mata ido ta koma.

Hauwa ta sauka da ƙaramin akwati da idanu manya. Yarinya ce mai ladabi har abin ya dame ni: ba ta zama sai an ce zauna, ba ta ƙara abinci sai an zuba mata. Anti take kirana. Tun daren farko Inna ta shimfiɗa dokarta, irin wadda aka tashe mu a kanta mu duka, wadda ni ma a lokacin ban ga aibinta ba.

"Gado ɗaya, kwano ɗaya," in ji ta. "Haka na riƙi iyayensu. Maraya ba a ware shi. Ke kuma Hauwa, ban da koke-koke a gidan mutane, kin ji ko? Haƙuri ake yi."

Aka cire takardar ƙofar Nana. Aka raba durowar kaya biyu. Babanku mutum ne mai tsoron a ce ya yi bambanci, ko alewa ya sayo sai ya tabbatar launinsu ɗaya. Da ya ga Hauwa na yawan tsayawa gaban keji tana kallon Basbusa, sai ya fita wata Juma'a da yamma ya dawo da wata hamstar a cikin ɗan kwali, ƙarama, launin ƙasa-ƙasa. Ya ce ya tabbatar mace ce, don kada su cika mana gida. A ranar na fara ganin haƙoran Hauwa. Ta ce sunanta Dakuwa.

"Baba, ina kejinta?" in ji Nana.

"Wane keji kuma? Wannan naki ai fili ne, ya ɗauki biyar ma."

"Mai shagon ya ce ba a haɗa su! Tun ranar da muka sayi Basbusa ya faɗa. Ɗaya kawai, khalas, shi ke nan."

Inna ta ɗago daga kan dadduma.

"Ke rufe mana baki, rowa ce ke damunki. Yau na ji ikon Allah. Ko kaza ba a kiwonta ita kaɗai, bare wannan abin da bai fi loma ba. Kaɗaici ai sai Allah."

Muka yi dariya, har da ni. Ai an ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba, ba wanda ya gaya mana wani lokacin yaron ne ya ji da kunnensa, manyan kuma suna can suna hange. Duk da haka raina bai kwanta ba, na ce a bi a hankali. Babanku ya samo ragar waya ya raba kejin biyu, ya auna ya yanke kamar wanda zai gina gada. Kowace ta samu ɓangarenta da abincinta. Ni kuma kullum in ɗebi dusar katakon da wannan take kwana a kai in zuba wa waccan, don su saba da warin juna, kamar yadda na ga ana shafa wa ɗan akuya warin wata uwar don ta yarda ta shayar da shi. Suka riƙa zuwa bakin raga suna sansanar juna. Wani lokaci Basbusa ta kama wayar da haƙori tana girgizawa. Inna, da idonta bai gani sosai, ta ce gaisawa suke yi. Bayan 'yan kwanaki, ina kicin, ta sa hannu ta zare ragar.

"Sun saba," ta ce. "Katanga tsakanin 'yan'uwa ba alheri ba ce."

Ba su yi faɗa nan take ba, shi ne ya ruɗe mu. Amma ni da nake wuni a gida na ga abin da sauran ba su gani ba. Basbusa ta kama taya ta kama bakin kwalbar ruwa, ta bi kejin kusurwa-kusurwa tana goga jikinta. Dakuwa kuwa ta koma lungu ɗaya. Idan aka zuba abinci sai ta fito da gudu, ta cika kumatunta har su kumbura, ta koma ta tona rami ta ɓoye. Ta daina wasa. Ko'ina tsit, kowa na cewa an zauna lafiya.

Haka ɗakin yaran ma yake, tsit. Wata safiya na shiga gyara gado na tarar an ja layi da selotef a tsakiyar katifa, daga kai har ƙafa. Na ɓare, washegari ya dawo. Nana da take zuba kamar kanya ta koma amsa magana da kai. A kwano ɗaya suke ci, amma Hauwa loma uku take yi ta ce ta ƙoshi, daga baya in tsinci guntun burodi naɗe a cikin ɗankwalinta a ƙasan akwati. Sannan ga famfon banɗaki. Yarinyar nan idan ta shiga sai ta daɗe, ruwa na ta zuba. Na ɗauka wasan ruwa take yi, irin na wanda bai saba da famfo ba, har na yi shirin yi mata magana. Ran nan na tsaya a ƙofar da baki cike da faɗa, sai na ji abin da ke ƙarƙashin ƙarar ruwan. Kuka take yi, tana kiran babanta a hankali. An hana ta kuka a gidan mutane, gadon da take kwana kuma akwai mutum a gefe. Na koma kicin na zauna a kan buhun shinkafa.

Ana haka wata Asabar, mun idar da sallar asuba ke nan, muka ji wani ƙara kamar an taka ɗan tsako. Na riga kowa shiga. Abubuwan nan biyu sun dunƙule sun zama ƙwallo ɗaya suna birgima, dusa na tashi. Na zura hannu, ɗaya ta sakar min haƙori a babban yatsa, har yau ga tabon. Da ludayi na raba su, na kife Basbusa da kofi. Dakuwa tana kwance, kunne ya yage, jini a wuyanta, tana numfashi sama-sama. Nana ta fashe da kuka ta juya kan Hauwa.

"Na faɗa! Na faɗa ba wanda ya ji! Komai nawa sai an raba, ɗakina, gadona, yanzu har Basbusa. Wa ya ce ki zo ma?"

Na ɗaga hannu zan kai mata mari, na tsaya. Maganar ta riga ta fita, mari ba ya mayar da ita. Hauwa ta juya. Ta je ta ɗauko kwalin takalmi, ta shimfiɗa ɗankwalinta a ciki, ta ɗora Dakuwa.

Babanku ya kai mu wajen wani likitan dabbobi a unguwar Al Mirqab. A ce wai ni, 'yar mutanen Malumfashi, ina zaune a layi da ɓera a kwali, kusa da wata mata mai kyanwa sanye da riga. Da mahaifiyata ta gani da ta ce Doha ta cinye min hankali. Likitan ya wanke ciwon ya ba da magani, ya ce za ta tashi in Allah ya so. Ya ce irin waɗannan manyan su kaɗai suke rayuwa, ko a dajinsu kowace da raminta, kuma ko shekara aka yi ana musanya musu dusa ba za su zauna keji ɗaya ba. Akwai wani irin na ƙanana da akan dace idan tare suka tashi, su ma ba kullum ba. Ya ce ba mugunta ba ce, kowace wurinta take karewa, mu gode Allah da muka ji da wuri. A hanyar dawowa, babanku ya tsaya sayen keji na biyu, ya bar mu a mota ni da Hauwa. Tana kallon cikin kwalin ta yi magana.

"Anti, kada a doki Basbusa. Gidanta ne, shigar mata aka yi."

Na ce ba mai dukanta.

"Kuma idan Inna za ta koma, zan bi ta. Kun yi min komai, Allah ya saka. Amma gara in tafi."

An riga an yi wa Inna aikin ido, tafiyarta saura ƙasa da wata. Na san idan yarinyar nan ta hau jirgin nan, ba ta dawowa, kuma karatunta ya ƙare ke nan. Na san kuma har abada Nana za ta tashi da sanin ita ta kore ta. Ban ce mutum ɓera ba ne, kada wani ya je ya ce Hajiya ta haɗa jikokin Inna da ɓeraye. Mutum yana sabawa, yana yafewa. Amma mun ɗauko yarinya da ɗanyen ciwo mun cusa ta a wurin wata, mun zare raga, mun ce ku so juna yanzu-yanzu. Zo mu zauna ai zo mu saɓa ne, bare zaman da ba a tambayi kowa ba.

Gidan ɗaki uku ne: namu, na Nana, da falon baƙi inda Inna take kwana, wanda kuma abokan babanku ke cika shi duk Juma'a. Sai wani ɗan ƙaramin ɗaki a bayan kicin da banɗakinsa, irin wanda ake ginawa a gidajen can don 'yar aiki. Mu ba mu taɓa ɗaukar 'yar aiki ba, sito muka mai da shi. Na fara tunanin in mayar da Nana can in bar wa Hauwa babban, don bakin mutane. Amma da na yi haka, da na ƙwace wa ɗaya na ba ɗaya, gabar da za ta biyo baya sai ta fi ta farko. Sai na kira Hauwa ita kaɗai, na buɗe mata ƙofar siton. Akwatuna, buhuna, tsohuwar fanka. Taga ɗaya ce ƙarama, idan ka yi ɗage kana hango dogayen benayen West Bay can nesa cikin hazo. Na ce idan an kwashe an yi fenti, za ta so nan, ko a kafa labule a ɗakin Nana? Na ce ta faɗi gaskiya, ba mai jin haushi. Ta daɗe tana dube-dube. Ba ta tambayi girman gado ba, ba ta tambayi esi ba.

"Ƙofar tana rufuwa?"

Na zare makullin daga jiki na sa mata a tafin hannu.

Da Inna ta ji, gidan ya ɗauki wuta. Ta kira babanku ta sa shi a gaba, ni ina tsaye.

"Ɗakin baiwa! Jinin Sani a ɗakin baiwa, kusa da tukwane, taku 'yar tana kan gadon sarauta. Ƙasa ba ta gama cin ɗan'uwanka ba. Ke kuma Rabi, ashe ganin kitse nake yi wa rogo."

Na durƙusa na ce, "Inna, ki yi haƙuri. Ita ta zaɓa."

"Maraya yana da zaɓi ne? Abin da aka miƙa masa yake karɓa."

Wannan maganar ta soke ni, don akwai gaskiya a cikinta, kuma na kwana biyu ina juya ta. Babanku ya bari sai da muka bar gaban mahaifiyarsa. Da muka keɓe ya ce, "Kin san abin da za a faɗa a gida ko? Ba za a ce ta zaɓa ba." Na ce na sani. Na ce gara a zage ni yarinyar tana nan, da a yabe ni tana can. Washegari ya dawo da gwangwanin fenti. Hauwa ta zaɓi shuɗi. Aka sa gado ɗan siriri, da tebur, da sabon kejin Dakuwa a ƙarƙashin taga.

Kwanakin da suka biyo baya ba su yi min daɗi ba. Hauwa ta dawo daga makaranta ta shige ta murza makulli. Ina kicin ina jin kukanta ta bango, yanzu ba famfo, kuka sosai irin wanda ya kamata ta yi tun ranar rasuwa. Hannuna har ƙaiƙayi yake in buga ƙofar, na hana kaina. Sai in ajiye mata shayi a bakin ƙofa in koma. Inna ta daina amsa gaisuwata sai da ka. Kullum tana ce wa yarinyar ta haɗa kayanta. Ni kuwa ban tambayi Hauwa ko ta canja shawara ba, tsoron amsar nake yi.

Ranar tafiya, akwatunan Inna suna bakin ƙofa, babanku yana ta yalla yalla, wato a yi sauri, kada a makara. Inna ta ƙwala kira. Ƙofar bayan kicin ta buɗe, Hauwa ta fito da kayan gida a jikinta, ba akwati, ba takalmi. Ta durƙusa a gaban kakarta.

"Inna, ki gaida gida. Dakuwa ba ta gama warkewa ba, ba mai ba ta magani sai ni."

Ni na san kunnen Dakuwa ya warke tun tuni, har ta koma gudu a taya.  Wallahi tun da na haifi Nana ban ji sanyi irin na ranar ba, kamar an sauke min dutsen niƙa daga ka. Inna ta tafi da fushinta da labarinta, kuma labarin ya riga ni isa gida. Shekaru da yawa idan na je hutu ana amsa min gaisuwa a tsaye, a biki a ba ni wuri can gefe. Ya yi min ciwo, ba zan ɓoye muku ba. Allah ya ji ƙan Inna, son jikarta ne ya sa ta, kuma da abin da ta sani ta yi hukunci.

Sauran kuma a hankali ya zo, ba wanda ya tura. Wata rana ina yanka albasa na ga Nana ta zo ta tsaya a ƙofar bayan kicin, tana murza 'yan yatsu. Sai ta ƙwanƙwasa. Nana da ba ta taɓa ƙwanƙwasa ƙofar kowa ba, ta yi sallama, wai abincin Basbusa ya ƙare ko za a ara mata. Gwangwanin abincin yana ɗakinta cike, ni na cika shi. Aka buɗe mata. Na ci gaba da yankan albasata, na samu abin fakewa. Daga aron abinci aka koma aikin gida na makaranta, Hauwa ta fi ta lissafi, ita ta fi Hauwa Larabci. Suka yi faɗa, suka shirya, kowa ta san inda za ta koma idan ranta ya ɓaci. Wata azahar da zafin nan na Doha da ke narkar da kwalta, na leƙa babban ɗaki ba kowa sai Basbusa. Na sami yaran a ƙaramin, kan siririn gadon nan da ko mutum ɗaya bai isa ba, sun yi barci ƙafar wannan a wuyan waccan.

Basbusa da Dakuwa kuwa ba su ƙara haɗuwa ba. Kowace ta tsufa a kejinta, ta mutu da ƙibarta, aka yi musu kuka kamar mutane.

Bayan an kwashe kusan shekara, ina tuƙa tuwo, Hauwa ta shigo ta tsaya a bayana. Ta ajiye wani abu a gefen murhu, ya yi ƙara kaɗan. Makullin ne.

"Mama, ki ajiye. Na daina rufewa."

Ban juyo ba, don ranar ce ta fara kirana Mama, kuma tuwo ba ya son a sake shi.

To Ummi, ga amsarki. Da gaske ne, a ɗakin 'yar aiki mamanki ta zauna, shekara bakwai, har ta tafi jami'a, ko da yayyenta suka ce a sake gida mai faɗi ita ta ce a bar ta a nan. Makullin yana cikin ƙaramar jakar da nake ajiye 'yan kunnena, idan kin zo zan nuna miki. Idan gwaggonninki sun sake ɗauko zancen, kada ki yi musu rashin kunya, manya ne. Ki dai tambaye su me ya sa ake kiranki Ummi, a ɓoye sunanki na yanka, kuma sunan wa mamanki ta sa miki in ba nawa ba.